Yadda za ka gyara hoton da ya yi dishi-dishi bayan an yanke shi an ƙara masa girma

Hoton na mutane da yawa ne, amma fuska ɗaya kake so a ciki. Ka yanke ta, ka ja ta har ta cika allo, sai ga idanu sun narke, gefen kunne ya yi tsini-tsini, fata ta koma ƙananan murabba'ai. Wannan ne ake cewa hoto ya fashe. Ana iya gyara shi, wani lokacin ma gyaran yakan ba da mamaki, amma sai an bi aikin daki-daki, kuma sai an san iyakar abin da gyara zai iya yi.

Duk hoton waya ko na kyamara jerin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel. Hoto mai megafiksel 12, wato fiksel miliyan 12, yana da fiksel kusan 4000 a faɗi da 3000 a tsaye. Idan fuskar da ka yanke ta ci fiksel 400 a faɗi da 500 a tsaye, abin da ya rage a hannunka fiksel 200,000 ne kacal, wato kashi ɗaya cikin sittin na hoton. Idan ka ninka faɗinsa da tsayinsa sau uku, kwamfuta za ta cike gurbin da fiksel ɗin da kyamara ba ta taɓa gani ba: a cikin kowane tara, takwas kintace ne, ɗaya ne kawai na gaskiya. Duk manhajar da za a ambata a nan, aikinta shi ne ta kyautata wannan kintacen. Babu wadda ke dawo da abin da ba a ɗauka ba tun farko.

Mataki na farko: nemo asalin hoton

Wannan matakin ya fi duk sauran amfani, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa saboda ɗokin gwada manhaja. Yawancin hotunan da ake kuka da su ba asalin ba ne, kwafi ne na kwafi. An tura ta WhatsApp, wani ya ɗora a Facebook, wani ya ɗauki hoton allon wayarsa, sannan ya iso gare ka. A kowane zango an matse shi an rage shi. Idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba a WhatsApp, sau da yawa yakan rage dogon gefensa zuwa wajen fiksel 1600, ya kuma matse abin da ya saura. Hoton allo kuwa ba ya wuce girman allon wayar, wanda a wayoyi da yawa faɗinsa fiksel 1080 ne.

Saboda haka ka nemi wanda ya ɗauki hoton, ka roƙe shi ya turo maka asalin a matsayin fayil, kamar yadda ake tura takarda, ko ta imel, ko ta Google Drive. Zaɓin HD da WhatsApp ya ƙara a 2023 ya fi na da, amma shi ma yana ɗan matsewa. Turawa a matsayin fayil ce ke kawo hoton yadda yake.

Idan kai ka yanke hoton a wayarka, ka duba ko asalin yana nan a ɓoye. Manhajar hotuna ta iPhone da Google Photos da ta wayoyin Samsung sukan ajiye hoton farko ko bayan an yi masa gyara, kuma a cikin wurin gyaran akwai zaɓin mayar da shi yadda yake. Ka kuma duba hotunan da ke gaba da bayansa. Mutane kan danna sau biyu ko uku a jere, kuma ba mamaki a samu ɗaya da hannu bai girgiza ba. Idan hoton na takarda ne aka ɗauka da waya, ka ajiye wannan, ka sa takardar a sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci.

Da zarar ka samu mafi kyawun kwafi, ka yi masa kwafi na biyu ka yi aiki a kan na biyun. Ka adana na aikin a matsayin PNG ko TIFF. Dalili shi ne JPEG, nau'in fayil ɗin da yawancin hotuna ke zuwa a ciki, yana rarraba hoto gida-gida, fiksel 8 sau 8, ya zubar da wani abu daga kowane gida don fayil ya yi ƙanƙanta, kuma duk lokacin da ka gyara ka sake adanawa a JPEG sai ya ƙara zubarwa.

Gano irin cutar kafin magani

Buɗe hoton a kwamfuta idan da hali, ka sa girman kallo a kan kashi 100, inda fiksel ɗaya na hoto ke kan fiksel ɗaya na allo. A nan ne kawai ake ganin gaskiyar hoto. Ka duba gefunan abubuwa: bakin riga, layin gira, gefen ƙofa.

Idan kana ganin murabba'ai da gefuna masu hawa-hawa, amma launuka da siffofi suna wurinsu, ƙarancin fiksel ne kawai, kuma wannan ya fi sauƙin gyara. Idan kana ganin tabo-tabo a wuraren da ya kamata su yi sumul, da wani ƙura-ƙura da ke kewaye gefuna, matsewar JPEG ce. Idan ɗigogi ne barkatai, wasu ja wasu kore, musamman a wurare masu duhu, wannan hayaniyar ƙarancin haske ce. Idan komai ya yi laushi ta kowane ɓangare, wataƙila ma bangon baya ya fi fuskar fitowa, kyamarar ce ba ta saita kan fuskar ba. Idan kuma komai ya ja zuwa gefe guda, ɗigon haske ya zama ɗan layi, ko gefen abu ya fito biyu-biyu, hannu ne ya girgiza ko mutumin ya motsa.

Sau da yawa biyu ko uku ne ke haɗuwa a hoto ɗaya. Amfanin tantancewar shi ne ka san abin da za ka fara taɓawa, ka kuma san abin da za ka sa rai da shi. Ukun farko suna gyaruwa sosai. Rashin saiti da girgiza suna gyaruwa ne idan kaɗan ne. Idan idanu biyu sun haɗe sun zama tabo ɗaya, babu abin da zai raba su sai ƙirƙira.

Sake yankan, ka kuma yanke shawarar girman da kake buƙata

Idan asalin yana hannunka, ka sake yankewa amma ka saki hannu. Ka bar kafaɗu da ɗan bango. Fuskar da ta cika hoto dam tana tona duk wata tawaya, amma fuskar da ta ɗauki rabin hoton takan fito da kyau da fiksel ɗin da take da su.

Sannan ka tambayi kanka ina za a yi amfani da hoton. Don kallo a waya, faɗin fiksel 1080 ya wadatar. Don bugawa a takarda, ma'aunin da aka saba shi ne fiksel 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 sau 6 yana son fiksel 1200 sau 1800. Hoton da za a rataye a bango a kalle shi daga nesa yana iya wucewa da 150 a inci ba tare da an lura ba. Wannan lissafin ne zai gaya maka ninki nawa kake buƙata. Shawarata ita ce ka tsaya a ninki biyu idan zai isa. Ninki uku ana iya lallaɓawa. Daga huɗu zuwa sama, yawancin abin da za ka gani a allo ba daga kyamara ya fito ba.

Share dattin kafin ka ƙara girma

Tsarin aikin shi ne tsaftacewa, sannan ƙarin girma, sannan kaifi a ƙarshe. Wanda ya juya wannan jeri zai ƙara wa dattin girma, ya kuma ƙara masa kaifi.

A Photoshop akwai Reduce Noise a ƙarƙashin matatun hoto, kuma a cikinsa akwai wani ɗan akwati na cire tabon JPEG. A GIMP, wadda kyauta ce, akwai Noise Reduction a rukunin Enhance. A Lightroom, har da na waya, akwai majanya biyu, wato maɓallan da ake ja hagu ko dama: ɗaya na hayaniyar launi, ɗaya na hayaniyar haske. Fara da na launi, kana iya ja da ɗan ƙarfi, domin ɗigogin ja da kore ba su ɗauke da wani bayani mai amfani. Na hasken kuwa ka bi shi a hankali. Shi ne ke share gashin gira da zanen yadi tare da hayaniyar. Ka ja har sai dattin ya lafa, kada ka jira ya ɓace gaba ɗaya. Fuskar da aka goge ta yi santsi fiye da kima ta fi mai ɗan yashi-yashi muni, kuma kaifin da za ka sa daga baya ba zai samu abin kamawa ba.

Ƙarin girman: hanyoyi biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba

Hanya ta farko lissafi ce zalla. Manhajar tana duba fiksel ɗin da ke maƙwabtaka da juna ta saka matsakaicinsu a tsakani. A wurin sauya girman hoto za ka ga zaɓuɓɓuka. Ka guji Nearest Neighbor, shi ne ke kwafin fiksel yadda yake ya ba ka murabba'ai. Bicubic da Lanczos sun fi shi nesa ba kusa ba. A Photoshop ka zaɓi Bicubic Smoother, a GIMP kuma NoHalo ko LoHalo. Ka tabbata faɗi da tsayi a ɗaure suke don kada fuska ta miƙe. Wannan hanyar tana ba da hoto mai laushi, amma ba ta ƙara komai daga aljihunta. Abin da ke ciki shi ne abin da kyamara ta gani.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙirƙirarriyar basira. An horar da waɗannan manhajoji da tarin hotuna masu kyau da aka lalata da gangan, har suka koyi yadda gashi ko bulo ko ganye yake kasancewa kafin ya dushe. Super Resolution da Adobe ta fitar a 2021 yana ninka faɗi da tsayi sau biyu, kuma yana da kamun kai. Topaz Gigapixel na sayarwa ne, yana da zaɓuɓɓuka da yawa. Upscayl kyauta ce, tana aiki a cikin kwamfutarka ba sai ka ɗora hoton a intanet ba, sai dai tana son kwamfuta mai katin sarrafa hoto (graphics card) mai ɗan ƙarfi. A waya akwai Remini, akwai kuma Unblur na Google Photos da ya fara zuwa da wayar Pixel 7 a 2022.

A kan gine-gine, tufafi, itatuwa da dabbobi, waɗannan manhajoji suna aiki mai kyau ƙwarai, kuma ba na jin akwai dalilin ƙin su. A kan fuskar mutum ne nake so ka tsaya ka natsu. Manhajar ba ta san mutumin ba. Abin da take yi ya yi kama da mai zane da aka ba shi kwatancen wani da baki: zai zana fuska kyakkyawa, mai ido da hanci a inda ya dace, amma ba lallai ta zama ta wanda ake nufi ba. A 2020 an gwada wata manhaja mai suna PULSE da hoton Barack Obama da aka rage ya fashe, sai ta fito da fuskar wani Bature. Manhajojin yau sun fi wannan, amma halin bai canza ba. Sukan gyara haƙora, su sauya siffar ido, su goge tabo ko tawadar Allah, su rage wa tsoho shekaru, wani lokacin su haskaka baƙar fata. Idan hoton na mamaci ne, kuma shi kaɗai ya rage, wannan ba ƙaramin abu ba ne: iyali za su karɓi hoto garau na wanda ba su sani ba.

Ga yadda za ka ci moriyar abin ba tare da ka rasa mutumin ba. Ka yi kwafi biyu masu girma ɗaya, ɗaya ta hanyar lissafi, ɗaya ta ƙirƙirarriyar basira. Idan manhajar tana da maɓallin gyaran fuska daban, ka fara gwadawa a kashe, sannan a kunne da ƙaramin ƙarfi. Ka buɗe su biyun a GIMP ko Photoshop, na lissafin a ƙasa, na basirar a shimfiɗe a kansa. Sai ka rage kaurin na saman zuwa kashi 50 ko 60, yadda na ƙasan zai riƙa leƙowa. Ka riƙa kunna na saman kana kashewa, idonka a kan idanu, baki da layin haɓa. Duk inda ka ga siffa ta motsa, ba kaifi kawai ya ƙaru ba, ka goge na saman a wannan wurin. A tufafi da bango kana iya barinsa da cikakken ƙarfinsa. Idan akwai wanda ya san mutumin sosai, ka nuna masa ba tare da ka ce komai ba, ka ga ko zai gane shi nan take.

Rubutu da lambobi sun fi fuska haɗari. Lambar mota ko rubutun takarda da ya dushe, manhajar za ta mayar da shi haruffa masu kyan gani waɗanda ita ta ƙaga. A 2024 wata kotu a jihar Washington ta Amurka ta ƙi karɓar bidiyon da aka gyara da irin wannan manhaja a matsayin shaida. Duk hoton da za a kafa hujja da shi, ko na katin shaida da fasfo, a bar shi a hanyar lissafi kawai, a kuma ajiye asalin. Sannan kafin ka ɗora hoton yara ko na takardun sirri a wani shafin gyaran hoto na kyauta, ka tuna cewa hoton zai sauka ne a kwamfutar wasu.

Idan girgiza ce ko rashin saiti

Akwai wata dabara ta lissafi da ke ƙoƙarin warware dishin da kansa. Tunaninta shi ne: idan an san yadda ɗigon haske ɗaya ya bazu, ana iya tattaro shi a mayar da shi wurinsa. Da irin wannan lissafi masana sararin samaniya suka riƙa gyara hotunan na'urar hangen nesa ta Hubble bayan an harba ta a 1990 da madubi mai tawaya, kafin a je a gyara ta a 1993. Fitacciyar hanyar ana kiranta Richardson-Lucy, kuma tana cikin RawTherapee da G'MIC, wanda ake ƙara wa GIMP, dukansu kyauta.

A Photoshop, Smart Sharpen yana da zaɓin cire Lens Blur don rashin saiti, da Motion Blur don girgiza. A na girgizar sai ka gaya masa kusurwar da hoton ya ja. Nemi wani ɗan haske a hoton, kamar ƙyallin ido ko maɓallin riga, ka ga inda jelarsa ta nufa, ka saita kusurwar daidai da ita. Wannan aikin a girman hoton na asali ake yinsa, bayan tsaftacewa, kafin ƙarin girma. Ka ƙara ƙarfin kaɗan-kaɗan. Da ka ga wasu layuka kamar inuwa suna maimaita kansu a gefen abubuwa, ka wuce gona da iri, ka koma baya.

Kaifi

Kaifi ba ya ƙara bayani a hoto. Yana ƙara duhun gefe mai duhu da hasken gefe mai haske ne a duk inda biyun suka haɗu, sai ido ya ga kamar layin ya fito. Abin aikin da aka fi sani shi ne Unsharp Mask, kuma yana da majanya uku. Radius shi ne faɗin wurin da za a taɓa a kowane gefe. Amount shi ne ƙarfin. Threshold kuma shi ne ke cewa a ƙyale wuraren da bambancinsu kaɗan ne, kamar fatar kumatu da sararin sama.

Ga hoton da aka ninka sau biyu, ka fara da Radius tsakanin 1.5 da 2, ƙarfi wajen kashi 80, Threshold 3 ko 4. A GIMP ana rubuta ƙarfin da ɗigo, wato 0.8. Waɗannan mafari ne kawai, hoton ne zai gaya maka sauran. Alamar da za ka sa wa ido ita ce farin zare da ke bayyana a gefen abu mai duhu, misali inda gashi ya haɗu da bango. Da ka gan shi, rage Radius tukuna, sannan ƙarfin. Idan ka riga ka bi ta ƙirƙirarriyar basira, ka rage waɗannan lambobin da rabi, ko ka tsallake matakin, domin ta riga ta sa nata kaifin.

Kada ka kaifafa hoton gaba ɗaya. Ido yana yanke hukunci a kan hoto ne daga wurare kaɗan: ƙwayar ido, gira, leɓe, gefen gashi. Ka yi kaifin a shimfiɗa ta daban, ka bar shi a waɗannan wuraren, ka goge shi daga kumatu, goshi da bango. A Lightroom majanyin Masking ne ke wannan aikin. A kwamfuta, idan ka danne Alt kana jansa, wuraren da suka yi fari su ne kaɗai za su samu kaifi. A Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya, abin aikin Details yana da Structure da Sharpening. Ka yi amfani da na biyun da sauƙi, na farkon kuwa yana tsufar da fuska idan ya yi yawa.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi kaifin kansa tasiri a hoton da ya yi hazo. Ka sake buɗe Unsharp Mask, ka kai Radius wajen 40, ka sauke ƙarfin zuwa kashi 10 ko 15. Wannan ba ya taɓa ƙananan layuka, yana raba haske da inuwa ne a manyan wurare, sai hoton ya washe. Bayan haka ka gyara haske da bambancin launi da Levels ko Curves: ka ja baƙin ya zama baƙi sosai, farin ya zama fari, ba tare da inuwa ta cinye fuska ba.

Daga ƙarshe, idan fatar ta yi santsin da ba na mutum ba, ka zuba ɗan yashi-yashi marar launi, kashi 1 zuwa 2, a kan hoton duka. Yana haɗe wuraren da aka gyara da waɗanda ba a taɓa ba, yana kuma ɓoye laushin da ya rage. Idan launukan sun lalace ƙwarai, gwada mayar da hoton baƙi da fari. Tabon launi yakan tafi gaba ɗaya, kuma ido ya fi yi wa irin wannan hoton uzuri.

Adanawa da gwaji

Ka adana kwafin aikin da shimfiɗunsa, don ka iya komawa. Sannan ka fitar da na rabawa a JPEG sau ɗaya tak, inganci 90 zuwa 95. Ka ajiye shi gefe da gefe da asalin a girman da za a kalle shi, ba a kashi 300 ba, domin babu hoton da ke da kyau a wannan girman. Idan za a buga babba, ka yanki ɓangaren fuskar ka buga shi a ƙaramar takarda a daidai girman da zai fito, ka riƙe shi a nisan da za a riƙa kallonsa. Takarda marar sheƙi ta fi mai sheƙi rufa wa irin wannan hoton asiri, kuma bugu yakan cinye ɗan kaifi, don haka na bugawa yana iya ɗaukar kaifin da ya ɗan fi na allo. Idan gwajin bai gamsar da kai ba, rage girman bugun da kashi ɗaya cikin huɗu ka sa masa farin gefe mai faɗi, sannan ka sake gwadawa. Lokacin turawa kuma, ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar saƙo za ta sake matse shi a hanya.